Yini Guda a Tsibirin Mull: Fito 5 da Mil 150 na Bakin Teku

Wanda ya shimfiɗa taswirar yammacin Skotland ya dubi tsibirin Mull zai ɗauka aikin rabin yini ne. Mu mun zagaya shi a watan Yuni. Mun bar garin Oban da sassafe, ba mu dawo ba sai wajen ƙarfe 8 na yamma, rana tana nan ba ta faɗi ba, kuma babu sa'ar da ta tafi a banza. Tuƙin duka-duka wajen mil 150 ne, kimanin kilomita 240, amma a cikinsa akwai fito 5, kuma fiye da rabin hanyar mota ɗaya take ɗauka. Waɗannan abubuwa biyu su ke cinye lokaci.

Ga yadda zagayen yake. Babban jirgin fito ya ɗauke ka da motarka daga Oban zuwa Craignure. Ka yi yamma har ƙarshen tsibirin, ƙauyen Fionnphort. Ka ajiye mota, ka shiga ƙaramin jirgi zuwa tsibirin Iona ka dawo. Ka bi gaɓar yamma zuwa Salen, ka haye daga Fishnish zuwa Lochaline, ka ratsa yankin Morvern, ka sake hayewa a mashigin Corran, sannan ka gangaro kudu ta bakin teku zuwa Oban.

Daga ƙarshe ake fara lissafin irin wannan yini. Ka fara duba lokacin jirgin ƙarshe na Fishnish, don a bazarar can yana tashi daga aiki tun rana na sama. Ka cire sa'a guda ta ko-ta-kwana, abin da ya rage shi ne lokacin da ya kamata ka isa tashar. Daga nan ka dinga ja da baya: minti 15 daga Salen, sa'a guda da rabi a gaɓar yamma, minti 40 daga Fionnphort zuwa mararrabar da ake shiga hanyar gaɓar yamma. Inda lissafin ya tsaya, nan ne lokacin barin Iona, ko ka gama kallo ko ba ka gama ba. Mun rubuta waɗannan lokuta a takarda muka manna kusa da sitiyari, saboda sabis ɗin waya yana ɗaukewa a cikin kwaruruka na tsawon mil da yawa. Don haka ma taswirar waya a sauke ta tun a masauki.

Fito guda ne kawai cikin biyar ɗin ake kama wa mota wuri tun kafin ranar, wato na Oban zuwa Craignure, wanda kamfanin CalMac ke gudanarwa. A watannin Yuni zuwa Agusta wuraren safe suna cika da wuri, a yi makonni kafin tafiya. Za a nemi lambar mota da tsawonta. Idan motar haya ce ba ka san lambarta ba tukuna, ka sabunta bayanin da zarar ka karɓe ta. Tsawon kuma na gaskiya ake faɗa, har da abin ɗaukar keke in akwai shi a baya, don da awo ake jera motoci a cikin jirgi. Ana rufe karɓar motoci minti 30 kafin tashi. Wanda ya zo bayan haka, ko da tikiti a hannunsa, an iya ba wa wani wurinsa. Mun isa da minti 45 a hannu, tankin mai a cike tun daren jiya, saboda gidajen mai a tsibirin ba su da yawa kuma ba ka da tabbacin wanda za ka tarar a buɗe.

A tasha ma'aikaci zai duba tikiti ya ba ka lambar layi. Ka shiga layinka ka kashe inji. Kada ka damu in ka ga wanda ya zo bayanka ya riga ka shiga. Bisa girma da nauyi ake lodi, manyan motoci a tsakiya, ƙanana a gefe. Da aka kira layinmu muka hau gadar ƙarfen da ke haɗa tasha da jirgi. Gadar nan tana hawa da sauka tare da ruwan teku, shi ya sa wani lokaci ka ga gangare ne, wani lokaci hawa. A giya ta ɗaya ake bin ta, da tazarar mota guda tsakaninka da na gaba.

Da ka shiga cikin jirgi, hannun ma'aikaci za ka bi, ka manta da ƙarar na'urar mota da ke gargaɗin an kusa karo. Zai yi ta yafito ka har bambarka ta rage taƙi biyu da ta gaba, sannan ya dunƙule hannu. Ka ja birkin hannu sosai, ka bar mota a giya ta ɗaya, in mai sarrafa kanta ce ka sa ta a P. Ka naɗe madubin gefe, don ta tsakanin motoci mutane ke ratsawa da jakunkuna. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙararrawar ɓarayi. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin motsi da karkata, jirgi na fara tangaɗi sai su ɗauka sace motar ake yi, su yi ta ihu har a isa. A safiyar nan motoci biyu sun yi haka a ƙasa. Yawanci akwai maɓallin kashe wannan na'ura kusa da ƙofar direba ko a allon mota; in ba ka gane shi ba, duba littafin motar tun kana layi. Sannan ka kwashi rigar ruwa da kyamara da madubin hangen nesa, saboda a babban jirgi ba a barin kowa ya koma wurin motoci sai an kusa tsayawa. Ka kuma lura da matakalar da ka bi ka hau, ita za ta dawo da kai kusa da motarka.

Hayewar kusan minti 50 ce, kuma sama ya kamata a yi ta, a fili, komai sanyi. A bayanka garin Oban ne da zagayayyen ginin McCaig a kan tudu, wanda aka fara a 1897. A hagu tsibirin Kerrera, shi ne ya tare wa garin iska. Bayan rabin sa'a farar hasumiyar fitila ta Lismore za ta bayyana a dama, aikin injiniya Robert Stevenson ce, ta 1833. A daidai nan ruwan yakan yi kamar tukunya na tafasa ko da babu iska, saboda igiyoyin ruwa daga rassan teku daban-daban a nan suke haɗuwa. Da ka wuce ta ka koma hagu, ga fadar Duart a kan baƙin dutse, gidan sarautar zuriyar Maclean tun ɗaruruwan shekaru, wadda aka sake ginawa daga 1911 bayan ta daɗe a kango. Daga teku ta fi kyan gani, don haka ba mu ɓata lokacin zuwa ta mota ba.

Mun sauka Craignure wajen 8 da rabi. Ba a tayar da inji sai motar gabanka ta motsa, don hayaƙi na taruwa a rufaffen wuri. Da ka fito ka yi hagu. Sai dai a nan akwai dabara: duk motocin jirgin, har da manyan bas na 'yan yawon buɗe ido, hanya ɗaya za su bi a jere. Mun ratse muka jira minti 10 ayarin ya yi nisa. Wanda ya bi sahunsu, bayan bas zai yi ta kallo har Fionnphort.

Hanyar A849 zuwa Fionnphort wajen mil 37 ce. A ƙa'ida an yarda a yi gudun mil 60 a sa'a, amma a aikace rabin haka za ka samu, ka ba ta sa'a guda da kwata ba tare da tsayawa ba. Faɗinta na mota ɗaya ne, sai wuraren kaucewa da aka yi kamar aljihu a gefe, kowanne da farin allo ko sanda mai ratsin baƙi da fari. Dokokin hanya na Birtaniya, lamba 155 da 156, sun yi bayaninsu, kuma wanda bai san su ba shi ne ke haddasa cunkoso.

A hagu ake tuƙi a ƙasar, to ko a nan ma hagu ce taka. In ka hango mota tana zuwa kuma wurin kaucewa mafi kusa yana hagunka, ka shiga ka tsaya. In yana damanka, kada ka tsallaka ka shiga cikinsa. Ka tsaya a kan hanya daidai da shi, mai zuwa shi zai kewaye ka ta ciki. Wannan shi ne kuskuren baƙi na farko, kuma yana da haɗari, domin mai zuwa ya riga ya karya sitiyari zuwa wurin da kai ma ka nufa. In kun haɗu a tsakani, wanda wurin kaucewa ya fi kusa da bayansa shi ke yin ribas, a kan tudu kuma mai gangarowa ke ba mai hawa hanya. In na nesa ya tsaya ya ƙyafta maka fitila, yana nufin ka taho. Kana wucewa ka ɗaga masa hannu; kowa na yi, kuma rashin yi ana ganinsa rashin ladabi.

Idonka ya kasance a can gaba, kana ƙirga wuraren kaucewa biyu masu zuwa, kana kuma duba madubi. Motar da ta manne maka a baya galibi ta ɗan gari ce, mai aiki ko mai son cim ma jirgi. Ka ba da sigina ta hagu, ka shiga aljihu na gaba, ya wuce. Haramun ne a ajiye mota a wurin kaucewa don ɗaukar hoto, komai kyan wurin, saboda kai ka toshe wa motoci biyu mafita ke nan. Kada kuma ka ce za ka sauke taya a ciyawar gefe ku gifta. Ƙasan ciyawar laka ce mai ruwa, wani wurin ma da lambatu a ɓoye, kuma bakin kwaltar yana da kaifi, yana yanka gefen taya. Mun wuce wata mota kusa da Pennyghael da tayar gaba a kwance. Yankan gefe ba ya facuwa da robar gwangwani da motocin haya da yawa ke zuwa da ita a maimakon safaya, don haka ka buɗe but ka duba tun ranar karɓar mota.

Ga kuma tumaki. Sake suke a tsibirin, suna kwanciya a kan kwalta saboda ɗuminta. Abin lura shi ne, in ka ga tunkiya a gefe ɗaya, ɗanta a ɗaya gefen, ka taka birki tun daga nesa, don lalle sai ɗan ya ruga wurin uwarsa ta gaban motarka. Inda aka shimfiɗa ƙarafuna a kan rami don hana dabbobi wucewa, ka rage gudu ka miƙe sitiyari, suna da santsi in sun jiƙe.

Hanyar na hawa kwarin Glen More, inda babu gida babu itace, sai duwatsu da ƙoramu farare suna zubowa. Akwai wurin tsayawa na musamman da ake hango tafkuna uku a jere a ƙasa. A dama Ben More ne, dutse mafi tsawo a tsibirin, mita 966, kansa a cikin gajimare a ranar. Daga nan sai a gangaro bakin Loch Scridain. Loch shi ne sunan da suke ba tafki ko reshen teku da ya kutsa cikin ƙasa. Bayan Bunessan launin dutse yana sauyawa daga baƙi zuwa ja-ja mai ɗaukar ido, alamar an kusa ƙarshen hanya.

A Fionnphort ake barin mota, domin ba a shiga Iona da motar baƙo sai da takardar izini. Hayewar minti 10 ce, amma ita ce ta fi kowace saurin tsayawa, saboda mashigin a buɗe yake ga tekun Atlantika, kuma a kan gangaren kankare jirgin ke sauke ƙofarsa. In igiya ta yi ƙarfi ana dakatarwa. Kafin ka haye ka tambayi ma'aikata yadda suke ganin la'asar. In sun ce akwai shakka, ka taƙaita zamanka. Takalmi mai hana ruwa yana da amfani, don igiya kan share ƙofar a lokacin sauka.

Iona ɗan tsibiri ne, tsawonsa mil 3, faɗinsa mil 1 da rabi, amma nan ne Columba, malamin addinin Kirista, ya sauka daga Ayalan a shekara ta 563 ya kafa gidan ibada, wanda daga cikinsa addinin Kirista ya bazu a Skotland. Mayaƙan Viking, maharan teku daga arewacin Turai, sun kai masa hari sau da yawa. A na shekarar 806 sun kashe mutum 68. Ginin da ake gani yanzu tushensa na wajen shekarar 1200 ne, an gyara shi a ƙarni na 20. Daga tasha tafiyar minti 10 ce a ƙafa, ana bi ta kangon gidan mata masu ibada. A gaban majami'ar akwai gicciyen dutse na Martin, wanda yake tsaye a wurinsa tun ƙarni na 8, sassaƙar macizai da ƙulle-ƙulle a jikinsa har yanzu ana gani in rana ta haska shi ta gefe. A maƙabartar da ke kusa aka binne John Smith, shugaban jam'iyyar Leba, a 1994. Wanda ke da sauran ƙarfi ya hau tudun Dun I, mita 101 ne kawai, amma daga kansa ana ganin farin yashin arewa da ruwa kore shar, da tsibirin Staffa can nesa. Sa'a biyu da rabi muka yi, kuma sun isa in ba a zauna ba.

Ƙarfe 1 da kwata muna cikin mota. Muka koma ta hanyar da muka zo har mararrabar da ke ƙarshen Loch Scridain, muka yi hagu a B8035. A ganina wannan mil 20 ɗin su ne zuciyar tafiyar, kuma su ne bai kamata a yi wa gaggawa ba. Hanyar na hawa ta cikin daji, sai kwatsam ta ɓullo a saman tudu, teku ya buɗe gaba ɗaya da tsibirai birjik: Inch Kenneth a kusa, Ulva a bayansa. Daga nan ta gangara Gribun, inda ta matse tsakanin dutse mai tsayi a dama da teku a hagu, wani wurin ɗan gajeren bangon dutse ne kawai tsakaninka da ruwa. Akwai kwanonin da ba a ganin gabansu. A giya ta biyu muka bi, tagogi a buɗe don a ji motar da ke tafe. Ba a tsayawa a ƙarƙashin dutsen, duwatsu na gangarowa, musamman bayan ruwan sama. Za ka ga ɓaraguzansu a kan kwalta.

Bayan an fita matsatsin, bakin Loch na Keal shimfiɗaɗɗe ne, da wuraren da mota za ta sauka daga hanya gaba ɗaya a kan tsakuwa. Nan muka kashe inji na minti 20. Yankin sananne ne da gaggafar teku mai farar wutsiya, wadda ta ƙare a Birtaniya a farkon ƙarni na 20, aka sake kawo ta daga Norwe zuwa tsibirin Rum a 1975, ɗanta na farko kuma ya tashi a Mull a 1985. Faɗin fikafikanta ya haura mita 2, a sama sai ka ce ƙyaure ne ke yawo. Karen ruwa kuma a cikin ciyawar teku ake nemansa, lokacin da ruwa ke cikowa. Amma in iska ta kwanta, ƙyashin ƙasar zai kore ka. Daga Yuni zuwa Agusta yake tashe, yana zuwa kamar hayaƙi, a wuri mai laima da inuwa. Man shafawa na korar ƙwari da riga mai dogon hannu suna taimakawa, wuri mai iska kuma ya fi su duka. A Gruline akwai kabarin Lachlan Macquarie, wanda ya yi gwamnan New South Wales a Ostireliya daga 1810 zuwa 1821, ɗan tafiya kaɗan daga hanya. Mun duba agogo muka wuce.

A Salen aka yi dama, hanya ta koma mai hannu biyu. Garin Tobermory mai gidaje kala-kala yana hagu, mil 10, amma zuwa da dawowa da tsayawa sa'a biyu ne, ba ya shiga wannan yini. Ƙarfe 4 muka isa Fishnish. Babu kama wuri a nan, layi ne, wanda ya riga zuwa ya riga shiga. Jirgin farko ya cika saura motoci uku a gabanmu, muka jira ya je ya dawo. Wannan jiran shi ne dalilin sa'ar ko-ta-kwana.

Shiga ƙaramin jirgi daban yake da na babba. Gangaren kankare ne ya shiga cikin ruwa, jirgi ya sauke ƙofarsa a kai, wurin haɗuwarsu ya zama kwari. Mota mai ƙasa-ƙasa in ta zo a miƙe da sauri, bambar gaba ko salansa za ta daki ƙarfe. Sai a zo a hankali kamar tafiyar ƙafa, a ɗan karkace, taya ɗaya ta fara hawa sannan ɗayar. In ruwa ya janye, ƙasan gangaren yana da gansakuka mai santsi. Kada a danna totur da ƙarfi, kada a tsaya a kanta. Hayewar ba ta kai minti 20 ba.

Daga Lochaline, inda ake haƙo farin yashin yin gilashi tun 1940, hanyar A884 ta sake komawa ta mota ɗaya, ta hau tsaunukan Morvern ta gangaro Loch Sunart kusa da Strontian, ƙauyen da sinadarin sitirontiyam ya samo sunansa. Da yamma barewa na fitowa bakin hanya a nan, kuma gajiya ta fara kama direba. In ku biyu ne masu tuƙi, wurin sauya hannu ke nan. Sa'a guda ta kai mu Ardgour, inda ake shiga fiton Corran.

Fiton Corran na ƙaramar hukumar yankin ne, minti 5 kacal, kana zaune a motarka. Mashigin ƙunci gare shi, ruwa na gudu a cikinsa kamar kogi, har za ka ga jirgin ya nufi sama da inda za shi, ruwa na turo shi a karkace ya sauka daidai. Ƙanƙantarsa kada ta sa a raina shi: in ba ya aiki, zagayen ta Fort William ya kai mil 40, don haka a duba sanarwarsa tun da safe tare da sauran.

Daga can sai kudu a A82, a haye gadar Ballachulish, a shiga A828. Fadar Stalker tana kan ɗan tsibiri a dama, da yamma rana na bayanta, sai dai a ga inuwar ginin baƙa a kan ruwa mai ƙyalli. Tsayawar ƙarshe gadar Connel ce, mil 5 kafin Oban. An gina ta a 1903 don jirgin ƙasa, yanzu motoci ke bi hannu ɗaya-ɗaya da fitilar ba da hannu. A ƙarƙashinta akwai dutse kwance a bakin Loch Etive. In teku ya janye ƙasa da ruwan loch ɗin, ruwan na kwararowa ta kan dutsen da kumfa da ruri, shi ake kira Falls of Lora. Ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa, lokacin da tazarar cikowa da janyewar teku ta fi girma. Mun same shi yana tsakiyar zuba. Akwai wurin ajiye mota a gefen kudu, ƙarƙashin gadar, daga nan ake ganinsa sosai.